Kek ɗin Bikon Yagana

Ƙanena Mansir, tun da Inna ta haife shi ban taɓa jin ya ce "ban iya ba". Ni Hauwa'u ni na goya shi, don haka ba labari aka ba ni ba. Janareta yake gyarawa a wata 'yar rumfa bayan Kasuwar Muda Lawal. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya kuma rubuta a allo da jan fenti don kada wani ya manta. In ka ce masa jirgin sama ya lalace, sai ya tambaye ka ko an duba fulogi. In mace na naƙuda a maƙwabta, sai an rirriƙe shi, don cewa zai yi ya san kan abin.

Matarsa Yagana kuwa ga haƙuri ga hannu. Kek ɗin lemu take gasawa a gida, 'yan ƙanana a gwangwanin madara, cikin tukunya mai yashi a kan gawayi. Ta kankare bawon lemun zaƙi ta zuba, ta ɗan ɗiga ruwan lemun tsami, in ya fara gasuwa ƙamshin har bakin titi. Christiana mai shagon ƙofar gidanmu, wadda muke kira Maman Chidera, ita take sayar mata, kuma kafin azahar an wawashe.

Rannan ƙawayen Yagana suka zo, suna ci suna santi. Sai ga gogan naka ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki.

"Wai wannan ake ta yi wa guɗa? Fulawa ce fa da ƙwai. Ta wuni tana cewa bayanta na ciwo, a kan wasan yara. Ni da ido rufe sai in gasa wanda ya fi shi, ina kwance janareta da ɗaya hannun."

Ba ranar ya fara ba, amma ranar a gaban ƙawayenta ne. Yagana ta miƙe. Ta raka baƙinta, ta dawo ta wanke tukunyarta, ta juye yashinta a buhu, ta yafa mayafi, sai gidansu a Miri. Har yashin ta tafi da shi, jama'a.

Ni aka tura biko. Mahaifinta, tsoho ne manomi mai turke raguna a tsakar gida, ya karɓe ni da mutunci. Muka gaisa, ya ɗan yi mini ƙorafin ragunansa sun kwana biyu ba su lashi kanwa ba don bai samu shiga gari ba, sannan ya kira 'yarsa. Ta durƙusa ta ce:

"Yaya Hauwa'u, ba da ke nake fushi ba. Ki gaya masa ƙofa biyu ce. Ko ya gasa kek ɗin lemu da hannunsa ya kawo nan, Baba ya ci ya ce ya yi. Ko ya tsaya a tsakar gidan nan ya ce bai iya ba. Duk wadda ya bi, zan ɗauki mayafina in bi shi. In ba haka ba, ina nan."

Na dawo na tarar da shi tsaye a ƙofar ɗakinta yana kallon takalman da ta bari. Ya rame. Shayi da burodi sun ishe shi, gidan ya yi masa faɗi. Mansir yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya sani, bakin ne dai Allah ya jarabce shi da shi. Na gaya masa saƙo, na ce:

"Don girman Allah ka je ka faɗa. Ba a cire wa mutum haƙori don ya ce bai iya ba."

"Ni? Yaya, ni ɗan Inna mai masa? Duk cikin garin Bauchi wa bai ci masar Inna ba? A bakin tanda fa na girma!"

"A bakin tanda ka girma, gaskiya ne, amma da baki buɗe."

"Ki zuba ido kawai. Kuma ba irin nata na gwangwani zan yi ba. Guda ɗaya zan gasa, ƙato, wanda duk Miri za ta ci ta rage."

Ranar Asabar da sassafe ya dawo daga Muda Lawal da fulawa da ƙwai da bota da sukari, da kwando guda na lemun tsami. Lemun zaƙi ko ɗaya babu. Na tambaye shi, ya ce na zaƙi na yara ne, kuma kuskuren Yagana ke nan, tana ɗiga lemu kamar maganin ido.

Ya juye rabin lemun a bokiti, da bawo da ƙwallo da komai, ya nufi injin markaɗe. Wai kowane ƙullu na kirki sai ya je inji, haka Inna take yi. Mai inji ya leƙa bokitin ya ce:

"Injiniya, maganin shawara za a haɗa?"

"Kek za a yi. Kunna."

"To bari in ɗauraye, yanzu na gama attaruhu."

"Kai, ni za ka koya wa inji? Kunna, sauri nake."

Ya dawo da wani koren abu mai jan ɗigo-ɗigo. Ya fasa ƙwai a babban baho, ya zuba fulawa da sukari da bota, ya antaya markaɗen gaba ɗaya, ya ɗauko muciyar tuwona ya hau tuƙi. Christiana ta leƙo daga shago, ta riƙe hanci.

"Oga Mansir, wannan miya ne ko kek?"

"Maman Chidera, koma ga cinikinki. Nan aikin manya ake yi."

"Matanka yana sa lemu kaɗan-kaɗan ne fa. Bari ni nuna maka, ba zan gaya ma kowa ba."

"Sharaɗi ya ce da hannuna. Kuma ko babu sharaɗi, me za ki nuna mini?"

Ta ce to, Allah ya taimaka, amma ba ta koma shago ba. Ta jawo kujera ta zauna.

Ya dangwala yatsa ya lasa. Wallahi na ga kunnuwansa sun motsa. Ido ɗaya ya rufe da kansa, hawaye ya fito a ɗayan. Ya goge ido ya ce:

"Ya yi daidai. Sai dai... Yaya, in ƙullun Inna ya yi tsami, me take yi?"

"Ruwan kanwa take ɗan ɗigawa. Amma wancan ƙullun masa ne, Mansir."

"Ƙullu ƙullu ne."

Kafin in tare shi ya shiga madafi ya kwashe 'yar kanwar da nake miyar kuka da ita, ya jiƙa, ya tuttula. Sai ƙullun ya ce fuuu. Kumfa ta taso, ta cika bahon, ta fara leƙowa waje. Mansir ya yar da muciya ya ɗaga hannu sama.

"Allahu Akbar! Kun gani? Ya tashi! Yagana sai ta sayi hodar kanti kafin nata ya tashi, ni ga shi da kanwar gida. Maman Chidera, kin taɓa ganin kek ya tashi tun bai hau wuta ba?"

"Ban taɓa gani ba, Oga. Yana zuwa wajen ƙafanka."

Aka kawo roba aka rage. Aka kawo bokitin wanka aka rage. Da kumfar ta kwanta ya sake lasa, tsamin na nan daram, ga ɗaci, ga yaji na bin baya. Ya ce kanwar ce ta yi kaɗan, ta mata ce, ba ta da ƙarfi. Ya hau babur ya koma kasuwa, ya dawo da wani dunƙulen jar kanwa, irin wadda ake ajiye wa shanu su lasa.

"Mansir, wannan ta dabbobi ce!"

"Ita ce ta asali, Yaya. Mai ƙarfin doki."

Ya daka ta a turmina, ya jiƙa a kwano, ya juye duka. Wannan karon ba tashi ƙullun ya yi ba, bore ya yi. Ya malalo tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita zaure. Launinsa ya tashi daga kore ya koma irin ruwan kududdufi. Matan maƙwabta suka fara shigowa, wai sun zo aron rariya, wai sun zo aron ashana, babu wadda ta fita. Wata ta tambaya ko sabulun salo muke dafawa, a ajiye mata.

Ya lasa. Tsami ya tafi, amma yanzu ɗanɗanon ruwan wanki ne.

"Lemu ya yi kaɗan," in ji shi.

Ya matse wasu daga ragowar lemun ya zuba. Fuuu. Ya lasa, tsami ya dawo. Ya ƙara kanwa. Fuuu. Haka suka yi ta yi, shi da ƙullu, kowa ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa. Abin ya tsinke, ya ƙara fulawa. Fulawa ta ƙare, ya ɗebo garin tuwona. Na ce masa in ya taɓa garin kununa sai na fasa masa kai da muciyar nan, ya ce ba a gane mai fasaha a gidansu.

Saura gashi. Tunda Yagana ta tafi da tukunyarta da yashinta, sai ya aro tukunyar biki, ya ɗebo yashi jiƙaƙƙe daga ginin da ake yi a bayan layi, ya juye ƙullun a daro ya dasa a ciki ya rufe. Gawayi ya kama, amma a hankali. Christiana ta ce haka ake so, wuta kaɗan. Ya dube ta da tausayi.

"Shi ya sa kuke wuni a kan abu ɗaya. Bari ki ga aikin Injiniya."

Ya tayar da janareta, ya jona babbar fanka mai tsayuwa, ya saita ta a bakin murhu. Wuta ta yi gurnani. Toka ta turnuƙe gidan, tartsatsi ya bi iska ya sauka a kan shanyata, zanina na zuwa biki ya samu tagogi. Mata suka watse suna tari suna dariya. Wani wari ya tashi wanda har yau ban san sunansa ba. Mai gidan da ke bayanmu ya leƙo ta katanga ya ce in taya ake ƙonawa a bari sai yara sun tafi makaranta.

"Ƙamshin lemu ne, Alhaji! Na ƙasar waje!"

Da aka sauke, kek ɗin da ya cika daro ya koma ƙasa ya kwanta, ya daskare. Gindinsa baƙi ƙirin, samansa toka-toka da wani farin gishiri-gishiri da ya fito masa. Ya ƙi fita daga daron. Sai da Mansir ya ɗauko sukundireba da guduma ya bi gefe-gefe, sannan ya faɗo kan faranti da ƙara, tim. Ya yanka lemu ya jera a kai, ya lulluɓe da sabon zane, ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula.

Babur ba zai ɗauka ba. Godfrey, mijin Christiana, shi ya fito da kekensa mai ƙafa uku. Da ya taya ɗagawa ya ce:

"Oga, kek ne ko murfin rijiya?"

"Nauyin albarka ne. Ja mu je."

Christiana ta rufe shago ta shiga gaba. Ta ce ko za ta yi asarar cinikin yini guda sai ta ga ƙarshen wannan abu. Ni kuwa duk hanya addu'a nake, don na san in aka dawo babu Yagana, yaron nan ba zai ƙara zama mutum ba.

Ashe labari ya riga mu isa Miri. Bayan la'asar muka shiga, tsakar gidan cike, mata a bakin ɗakuna, maza a bakin zaure, har kan katanga akwai mutane. Baba na zaune a tabarma, ragunansa ɗaure a turaku can gefen rumbu. Yagana na tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta harɗe hannu.

Mansir ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida surukinsa, ladabi har ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, yau ya yi hankali. Sai ya miƙe ya yaye zanen.

"Baba, ga shi. Da hannuna. Irin wannan ko a Abuja sai an yi oda."

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi."

Aka kawo wuƙa, ta lanƙwashe. Baba ya ce a miƙo adda. Da aka sara, wani ɓangare ya ɓalle ya yi tsalle. Baba ya ɗauka ya jujjuya, ya miƙa wa Mansir.

"Malam Mansir, a gidan nan mai girki ke fara ɗanɗanawa. Bismillah."

Ya karɓa yana murmushi, ya tura a baki. Muka ji ƙarar haƙori. Ya tauna, ya tauna, kumatunsa suka kumbura, gumi ya karyo masa. 'Yar kumfa ta fito ta gefen bakinsa, ya sa hannun riga ya goge. Ya haɗiye da ƙyar, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

"Kai... madalla," ya ce da wata siririyar murya. "Lemun ya fito."

Baba ya ɗauki nasa ɓangaren, ya kai hanci. Bai kai ga baki ba muka ji wani kuka daga gefen rumbu. Ragunan ne. Tun da aka yaye zanen suke miƙa wuya suna shinshina, sun ji kanwar da suka daɗe suna nema. Babban cikinsu, wani fari mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ja da baya ya fizga, turke ya tumɓuke. Sauran suka ga hanya, su ma suka fizge.

Mata suka yi ɗaki, maza suka yi katanga. Mansir ya rungumi farantin ya ɗaga sama.

"Kai! Kai! Na Baba ne! Ba naku ba ne!"

Ya zura da gudu, babbar riga na jan ƙasa, raguna na binsa da turakunsu suna karkaɗawa. Ya zaga rumbu, suka zaga. Ya sake zagawa, rabinsu suka tsaya suka jira shi ta ɗaya gefen. Ya juya zai nufi zaure, farin ragon ya auna shi ta baya ya ba shi guda ɗaya mai kyau. Hula ta yi gabas, Injiniya ya yi yamma, ya faɗa cikin kwamin dusa. Kek ya sauka a gefensa ya gangara kamar taya, bai ko tsage ba, ya je ya jingina da katanga. Ragunan suka rufe shi suna lasa, har lumshe ido suke.

Dariya ta ɓarke. Christiana ta zauna a ƙasa tana kiran sunan Yesu, Godfrey ya riƙe ciki ya jingina da bishiya. Ni kunya ta ishe ni, amma wallahi ni ma na yi. Baba ya share hawaye da gefen rawani ya ce:

"Tun da nake kiwo ban taɓa ganin sun so abu haka ba. Wannan kam ya yi musu."

Mansir ya ɗago daga cikin dusa, ido ya yi haske.

"Kun ji ko? Jama'a ku shaida! Baba ya ce ya yi!"

"Injiniya," in ji Yagana, kuma wannan ce maganarta ta farko tun da muka shigo, "Baba na ce ya ci. Ban ce ragon Baba ba."

Ta juya ta ɗaga labule za ta shige.

Dariyar ta mutu. Na dubi ƙanena zaune cikin kwami, dusa a gemu, riga a yage, yana kallon bayan matarsa, sai tausayinsa ya kama ni har cikin ciki. Na ga ƙaryar da ya saba tana tasowa, na ga ya haɗiye ta, kuma ta fi kek ɗin wuyar haɗiya.

"Yagana," ya ce a hankali. "Ban iya ba."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. Tsohuwar nan ta ce, "Ɗan nan, mu na nesa ba mu ji ba."

Ya miƙe tsaye a tsakiyar gidan.

"Na ce ban iya ba! Aikinki da wuya. Tun safe nake abu ɗaya, bayana kamar zai karye, tun kafin ragon nan ya sa hannu. Na raina abin da ban sani ba. Ki yi haƙuri ki dawo, gidan babu daɗi."

Yagana ta juyo tana dariya, idonta cike da ƙwalla. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta da tukunyarta, ta nuna masa buhun yashi da baki. Ya saɓa a kafaɗa ba musu. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya raka mu har bakin zaure, ya sa musu albarka, sannan ya ja Mansir gefe ya ce in ba damuwa, kafin Babbar Sallah a ƙara gaso wa ragunan guda ɗaya.

Muka matsu cikin keken Godfrey muka kamo hanyar gari. Muka yi ɗan nisa. Iska ta bugi Mansir, dusa ta kaɗe daga gemunsa, na ga ƙirjinsa ya fara dawowa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Amma fa in za a faɗi gaskiya, yashin nan ne ya cuce ni. Da a ce busasshe na samu, da kun ga..."

"Oga Godfrey," in ji Yagana, "tsaya in sauka."

Godfrey ya taka birki.

"Ban iya ba!" Mansir ya ƙwala, har wani mai babur ya waiwayo. Ya riƙe gefen mayafinta da hannu biyu. "Wallahi ban iya ba! Godfrey, don Allah ja mu tafi gida!"